Nazarin lamari: takardar filin wata makaranta a Gombe da neman kwamishinan da ya riƙe ma'aikatar filaye a tsohuwar jihar Bauchi

Wannan nazari ya bi diddigin matsalar wata makarantar al'umma a wani gari na jihar Gombe, wadda ta kusa rasa rabin filinta saboda an kasa tabbatar da ma'aikatar da wani kwamishina yake riƙe da ita a ranar da ya sa hannu a kan takardar filin. An sakaya sunan makarantar da na garin da na kwamishinan, kuma ba a kawo ranar da ke kan takardar ba, domin ita kaɗai ta isa a gane su, ga shi kuma iyalan da abin ya shafa har yau maƙwabtan juna ne. An ƙirga watanni daga ranar da aka kai ƙorafi gaban hakimi.

Asalin filin da takardar

Garin da makarantar take ya zauna a ƙarƙashin jihohi uku cikin shekaru 30. Daga 1967 yana cikin jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta raba waccan jiha zuwa Bauchi da Borno da Gongola, garin ya faɗa Bauchi. A ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga Bauchi da ƙananan hukumomi 11, garin ya koma Gombe. Tsakanin 1976 da 1996 tsohuwar jihar Bauchi ta ga gwamnoni da kantomomi aƙalla goma, kowanne da tasa majalisar zartarwa, amma biyu ne kacal aka zaɓa: Alhaji Abubakar Tatari Ali na jam'iyyar NPN, wanda ya yi mulki daga Oktoba 1979 zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, da Alhaji Ɗahiru Muhammad Deba na jam'iyyar NRC, daga Janairu 1992 zuwa Nuwamba 1993. Takardar da ake magana a kanta ta fito ne a zamanin ɗaya daga cikin waɗannan gwamnatocin farar hula biyu.

Mutanen garin ne suka kafa makarantar da kuɗin karo-karo, a kan wani fili mai faɗin hekta biyu a bayan gari, wanda wani manomi ya bayar da baki a gaban dagaci. Da yake Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 45 na dokar ya ba shi damar wakilta kwamishina ya zartar da wannan iko, sai masu kafa makarantar suka nemi gwamnati ta amince musu da filin a rubuce. Amsar da ta zo musu daga Bauchi shafi guda ce da aka buga da tafireta, da lambar fayil a sama, da hatimi, da sa hannu, da sunan kwamishina a ƙasa. Shekaru da dama takardar tana cikin akwatin ƙarfe a ofishin shugaban makaranta. Wani ruwan sama da ya taɓa yaye kwanon ofishin ya jiƙa samanta, sunan ma'aikatar da ke kan takardar ya dushe, abin da ya rage ana iya karantawa shi ne lambar fayil da jikin wasiƙar da sunan wanda ya sa hannu.

An gina azuzuwa a rabin filin na kudu. Rabin arewa an bar shi filin wasa, da damina kuma malamai kan shuka gyaɗa a gefensa. Ba a taɓa zagaye shi da katanga ba.

Wata na farko: ƙorafin magada

Gari ya ci gaba da faɗaɗa har ya cim ma makarantar, filayen da ke kewaye da ita suka yi daraja. Jikokin manomin da ya bayar da filin suka kai ƙorafi gaban hakimi cewa kakansu aron wuri ya bayar domin a gina azuzuwa, rabin arewa kuwa gonar gado ce. Da kwamitin makaranta ya fito da takardar, sai babban cikin magadan ya buɗe wata tsohuwar kalandar bango da ya zo da ita a naɗe, irin wadda gwamnatocin jihohi ke bugawa da hoton gwamna a tsakiya, mataimakinsa a gefe, kwamishinoni a jere a ƙasa, kowanne da sunan ma'aikatarsa a ƙarƙashin hotonsa. Gefunanta sun yi ja saboda daɗewa, amma rubutun yana nan sarai. Shekarar kalandar ita ce shekarar takardar, kuma mutumin da ya sa hannu a takardar filin yana cikinta a matsayin kwamishinan ilimi.

Ya ɗora yatsa a kan hoton ya ce wa hakimi: "Ranka ya daɗe, ga shi nan. Ina ruwan kwamishinan ilimi da rabon fili?" Hujjar magadan ke nan gaba ɗaya: ko dai takardar ta jabu ce, ko kuwa wanda ya sa hannu ba shi da hurumin yin haka. Hakimi ya ba kwamitin makaranta lokaci ya kawo abin da zai warware wannan, ya kuma hana kowane ɓangare taɓa filin.

Wata na biyu zuwa na huɗu: hanyoyi uku da ba su ɓulle ba

Kwamitin ya fara da dattawa. Shugaban makaranta da sakataren kwamiti suka zagaya wajen mutum bakwai da suka yi siyasa ko aikin gwamnati a wancan zamani. Dukkansu sun san kwamishinan, wasu har sun iya faɗin garinsu da irin motar da yake shiga, amma shida daga cikinsu sun ce kwamishinan ilimi suka san shi, na bakwai kuma ya ce yana jin kamar an taɓa sauya masa ma'aikata, sai dai ba zai iya rantsuwa a kai ba. Wannan zagaye ya ƙara wa magada ƙarfi ne, domin labarin abin da dattawan suka faɗa ya riga kwamitin komawa gari.

Sai wani matashin malami ya ɗauki nauyin bincike a intanet. Ya samu sunayen gwamnoni da shekarun mulkinsu cikin sauƙi, amma da ya gangaro kan kwamishinoni sai abin ya tsuke. Gajerun tarihin rayuwa biyu da ya samu na mutumin, ɗaya rubutun ta'aziyya ne, sun kira shi tsohon kwamishinan ilimi kawai, babu shekara, babu wata. Irin waɗannan rubuce-rubuce kan ɗauki muƙamin da mutum ya fi shahara da shi su bar sauran.

Hanya ta uku ita ce ta fi cin kuɗi da lokaci. Wani ya ba da shawarar a nemi bayanan zaman majalisar dokokin tsohuwar jihar, tunda ita ce ta tantance kwamishinonin. Sakataren kwamiti ya yi tafiya biyu zuwa Bauchi, tafiyar kilomita kusan 150 ta Alkaleri da gadar Dindima, kafin ya samu wanda ya nuna masa jerin sunayen da gwamna ya aika wa majalisa. Sunan mutumin yana ciki, amma babu ma'aikata a gaban sunan kowa. Ba kuskuren masu rubutu ba ne. Tsarin da ƙasar nan ke bi tun daga kundin tsarin mulkin 1979, wanda kuma sashe na 192 da na 193 na kundin 1999 suka maimaita, shi ne majalisa ta amince da mutum a matsayin kwamishina, sannan gwamna ya ba shi aikin da ya ga dama. Gwamna yana iya sauya masa ma'aikata gobe, ko ya haɗe ma'aikatu biyu, ko ya raba ɗaya, ba tare da ya koma majalisa ba. Saboda haka bayanan majalisa sun tabbatar da abin da babu mai gardama a kansa, wato mutumin kwamishina ne, suka yi shiru a kan abin da ake gardamar.

A tsakanin nan kwamitin ya kuma je ofishin da ke kula da filaye a Gombe. An duba rajista ba a ga lambar ba, aka shaida musu cewa lokacin rabon jiha wasu fayiloli sun biyo ma'aikatan da suka dawo gida, wasu kuma sun zauna a Bauchi, musamman waɗanda ba a kammala aikinsu ba. Wannan jumla ta ƙarshe ba wanda ya kula da ita a lokacin. A ƙarshen wata na huɗu wasu 'yan kwamiti sun fara maganar a bar wa magada rabin arewa a huta.

Wata na biyar: tsohon akawun rajista

Liman ne ya tuna da wani dattijo a wata unguwa ta cikin Gombe, wanda ya yi shekaru yana aiki a rajistar wata ma'aikata a Bauchi, ya dawo Gombe a 1996 tare da ma'aikatan da aka raba, ya yi ritaya a nan. Ba a sa shi cikin dattawan farko ba saboda ba a ɗauke shi babban mutum ba. Akawu ne, bai taɓa zama darakta ba. Shugaban makaranta ya same shi a zaure bayan la'asar, ya miƙa masa kwafin takardar, ya fara ba shi labarin kalanda da kwamishina. Dattijon bai dubi sa hannun ba. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kai takardar kusa da idonsa, ya karanta lambar fayil sau biyu.

Ya ce: "Malam, ku bar bin mutum, ku bi lamba. Kwamishina yana zuwa ya tafi, fayil yana nan inda aka buɗe shi." Shugaban makaranta ya ce: "Baba, to lambar me ta ce?" Sai ya yi masa bayani cewa kowace ma'aikata tana da haruffan da take fara lambar fayilolinta da su, kuma haruffan da ke kan wannan takarda na sashen filaye ne, ba na ilimi ba. Ya nuna masa ƙananan haruffa biyu a can ƙasa, waɗanda kowa ya ɗauka tabo ne, ya ce alamar mai buga tafireta ce. Ya ƙara da abu biyu da suka sauya alkiblar binciken. Na farko, kalandar gwamnati ana shirya ta ne tun ƙarshen shekarar da ta gabata domin a raba ta a watan Janairu, don haka majalisar zartarwar da ke jikinta ta farkon shekara ce, takardar kuwa an rubuta ta ne a ƙarshe-ƙarshen shekara. Na biyu, harkar filaye ba kullum take da ma'aikatar kanta ba. Wata gwamnati ta haɗa ta da safiyo, wata ta sa ta ƙarƙashin ayyuka da gidaje, wata ta ɗauke ta zuwa ofishin gwamna. Wanda ya je yana tambayar kwamishinan filaye yana iya dawowa hannu rabbana alhali mutumin yana nan da wani sunan muƙami.

Ya ba su shawarar su nemi fayil ɗin kansa a Bauchi da wannan lamba, su kuma nemi jaridun watannin da suka gabaci ranar takardar, domin garambawul a majalisar zartarwa ba ya wuce 'yan jarida.

Wata na shida zuwa na takwas: Bauchi da Kaduna

Wannan karon kwamitin ya ɗauki lauya, shi ya rubuta takardar neman kwafin fayil a hukumance, ya sa lambar a kai, bai ambaci sunan kwamishina ba ko sau ɗaya. An ɗauki makonni shida kafin a gano fayil ɗin a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Siriri ne, shafi 14, an ɗaure shi da zare ta kusurwa. A ciki akwai takardar neman da masu kafa makarantar suka rubuta, da wasiƙar ƙaramar hukuma mai goyon baya, da zanen filin da hannu, da shafukan da jami'ai ke rubuta ra'ayinsu ɗaya bayan ɗaya har zuwa amincewar gwamna, sannan kwafin kabon na ainihin wasiƙar da ke akwatin makaranta, da sunan ma'aikatar a sama bai dushe ba. A shafukan farko wani kwamishina daban ne yake rubutu. Daga shafi na 11 hannun ya sauya, ya koma na mutumin da kalanda ta kira kwamishinan ilimi.

Matashin malamin nan kuma aka tura shi Kaduna. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ya ga cewa abin da ya fi yawa takardun zamanin Turawa ne da na gwamnatin Jihar Arewa, sai aka nuna masa hanyar Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke tsohon gidan Sardauna. Ya yi kwana uku yana buɗe ɗaurarrun tsofaffin jaridu wata bayan wata, yana komawa baya daga ranar takardar. A rana ta uku ya samu ɗan gajeren labari a shafin ciki, wanda bai wuce tafin hannu ba, cewa gwamna ya sauya wa wasu kwamishinoni ma'aikatu, aka jera su, kuma mutumin ya tashi daga ilimi ya koma ma'aikatar da filaye ke ƙarƙashinta. Tsakanin wannan sauyi da ranar da sojoji suka karɓi mulki suka rusa majalisar zartarwar watanni kaɗan ne. Abin da ya sa dattawa shida cikin bakwai ba su tuna ba ke nan: ya daɗe a ilimi, yana zagaya makarantu ana ganinsa, a filaye kuwa bai kai ya zauna sosai ba aka tashi gwamnatin.

Lauya ya karɓi kwafin fayil mai hatimin tabbatarwa. Ya bayyana wa kwamiti cewa Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar sa hannun da ke kan takardar da ta kai shekaru 20 a matsayin sahihi idan ta fito daga inda ya dace a ajiye ta, kuma yanzu suna da asali a makaranta da kwafinsa a fayil ɗin gwamnati. Amma ya faɗa musu abin da ba su so ji ba. Wasiƙar ta amincewa ce, ba takardar shaidar mallaka ba ce. Ta gindaya sharuɗɗan a biya kuɗin da aka yanka, a kuma kawo masu safiyo su auna su kafa duwatsun iyaka. Fayil ɗin ya nuna an biya kuɗin, amma babu alamar an yi awo. Shafi na 14 shi ne na ƙarshe, kuma ranar da ke kansa ta zo daf da faɗuwar gwamnatin. Wannan ne dalilin da fayil ɗin ya zauna a Bauchi cikin waɗanda ba a kammala ba.

Wata na tara zuwa na goma sha ɗaya: zaman sulhu da awo

An koma gaban hakimi da kwafin fayil da hoton labarin jaridar. Magada suka janye zargin jabu a zaman farko, babbansu ya naɗe kalandarsa da kansa. Sai dai sun tsaya a kan iyaka, kuma a nan suna da abin faɗa, domin zanen da ke cikin fayil na hannu ne, ya kafa iyakar arewa da wata tsamiya da wata hanyar shanu, tsamiyar an daɗe da sare ta, hanyar kuma gidaje sun cinye ta. Lauyan makaranta ya ba da shawarar kada a je kotu a kan iyakar da babu dutse ko ɗaya da ke nuna ta.

Dagaci da mutum uku daga cikin dattawan da suka san inda tsamiyar take suka taka filin tare da mai safiyo mai lasisi. Inda suka yi ittifaƙi kututturen yake ya faɗo mita 20 cikin abin da makaranta ke ɗauka nata ne. Aka bar wa magada wannan tsiri, makaranta ta riƙe sauran, aka kafa duwatsu, aka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu a gaban hakimi. A wata na goma sha ɗaya kwamitin ya shigar da takardun neman shaidar mallaka a Gombe, da kwafin tsohon fayil a haɗe. Kuɗin tafiye-tafiye da lauya da awo ya cinye abin da aka tara domin gyaran rufin azuzuwa biyu, aka ɗage gyaran zuwa bayan damina.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Hanyoyi ukun farko sun gaza ne saboda dalili guda. Dattawa da intanet da bayanan majalisa duk an je musu da tambayar wane ne wannan mutum, alhali abin da hakimi yake bukata shi ne wace ma'aikata yake riƙe da ita a rana kaza. Kalandar magada ma ba ƙarya ta yi ba, gaskiyar watan Janairu ta faɗa, aka ɗora ta a kan takardar ƙarshen shekara. A ganina kwamitin bai yi laifi ba da ya fara da dattawa, domin haka ake yi kuma ba ya cin kuɗi, amma ya yi kuskure da ya ɗauki manyan muƙamai a matsayin ma'aunin sanin aikin gwamnati. Watanni huɗu sun tafi kafin a tambayi mutumin da aikinsa na kullum shi ne buɗe fayil da ba shi lamba, ga shi kuma yana cikin Gombe duk tsawon lokacin.

Fayil da jarida kowanne shi kaɗai da bai wadatar ba. Fayil ya nuna mutumin yana sa hannu a harkar filaye, amma mai son gardama yana iya cewa shisshigi ya yi. Jarida ta nuna gwamna ne ya mayar da shi can, amma ba ta san da wata makaranta ba. Haɗuwarsu ce ta rufe bakin zargin. Tsirin mita 20 da aka rasa kuwa ba shi da alaƙa da kwamishina ko kalanda. Sakacin shugabannin makarantar ne na shekaru masu yawa, waɗanda suka ɗauki wasiƙar amincewa a matsayin ƙarshen magana, ba wanda ya koma kan sharaɗin awo da ke sakin layi na biyu.

Akwai kuma nauyin da ya wuce kan makarantar. Jerin kwamishinonin kowace gwamnati, da ma'aikatar kowa, da ranar da ya kama aiki da ranar da ya bari, da sunayen da ma'aikatun suka riƙa sauyawa, bayani ne da ba zai cika ƙaramin littafi ba, kuma ya kamata a ce yana ɗakin karatu na jiha a Bauchi da Gombe, tunda shekaru 20 na tarihin gwamnatinsu ɗaya ne. Takardun filaye da na ɗaukar aiki da na kwangila na ƙananan hukumomi 11 na Gombe daga 1976 zuwa 1996 da dama daga cikinsu sa hannun waɗancan kwamishinoni suke ɗauke da shi, akawunan da suka san haruffan fayilolinsu kuma tsufa yana cim musu. Kwamitin makarantar ya yi kwafi uku na fayil ɗin, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a wajen hakimi, ɗaya a wajen lauya, kuma sakataren ya koma wajen dattijon sau biyu da littafin rubutu, ya rubuta haruffan fayil na duk ma'aikatun da ya iya tunawa.